Hutun Bakin Teku Na Kuɗin Goro: Wa Ke Ci, Wa Ke Kallo?

 Hunturu ya kama. Mu a nan ƙura ce da faso, a Turai kuwa ƙanƙara ce da duhu tun wajen ƙarfe huɗu na yamma. A irin wannan lokaci ne 'ya'yanmu da ƙannenmu mazauna Ingila da Jamus da Italiya kan turo hotuna, su biyar ko shida abokan juna, suna zaune a bakin teku, kowa da ɗan awarwaro na roba a hannu. Samarinmu na Nima da Kumasi sun gani sun yaba, har wasu na zancen zuba adashi don su ma su je. To, kafin a zuba, ya kamata a san abin da za a saya.

Wannan awarwaro shi ne rasit. Mutum zai biya kamfani kuɗi sau ɗaya tun yana gida, a ciki akwai kuɗin jirgi, da motar da za ta ɗauke shi daga filin jirgi, da ɗaki, da abinci safe da rana da dare, da abin sha, da masu wasa bayan isha'i. Da zarar an ɗaura maka shi, sai dai ka nuna hannu a zuba maka. Wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Gérard Blitz ne ya shahara da kafa wannan tsari, lokacin da ya buɗe Club Med a 1950 a tsibirin Mayorka na ƙasar Sifen, inda baƙin farko suka kwana cikin tantuna. Yau ga shi ya bazu daga Turkiyya zuwa Masar da Tunisiya, ya gangaro har Senegal da Gambiya da Kef Bad.

Ba zan ce babu daɗi ba. Duk wanda ya taɓa fita da abokai ya san inda zumunci ke yin tsami, wato lokacin da aka kawo takardar kuɗin abinci, kowa ya shiga laluben aljihu yana kallon rufi. A wannan tsari babu wannan. Mai hali da mara hali tebur ɗaya, faranti ɗaya, babu wanda zai ji kunya.

Amma kuɗin goro ne, kuma kuɗin goro ba ya tambayar me ka ci. Kamfani ya yi lissafinsa ne a kan baƙon da zai wuni yana shan giya a bakin tafkin wanka. Kai da ba ka sha, ka biya kuɗinta, sai dai wani ya sha maka. Haka nan idan ba ka natsu da yankan naman otel ba, ka koma kifi da shinkafa mako guda, ragowar riba ce ga masu gida. Farashin da ake bugawa kuma na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana ɗaki guda. Idan ku biyar ne, na biyar ɗin zai biya ƙari, don haka a daidaita tun a gida ko za a raba ƙarin nan ne. Yawon gani da ido a wajen otel, da shiga kwalekwale, da wankin kaya, galibi duk daban ake biya. Makon Kirsimeti da na sabuwar shekara su ne mafi tsada, wanda ya haƙura zuwa tsakiyar Janairu zai ga bambanci.

Abin da ya fi damuna ma ba aljihun baƙo ba ne, aljihun mutanen da ke bayan katanga ne. Mu ɗauki Gambiya. A 1965 wani mutumin Suwidin, Bertil Harding, ya kai mutanen ƙasarsa kimanin 300 hutu can, daga nan harkar ta kafu. Tafiyar awa shida ce a jirgi daga Landan, kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu rana ce tarwai babu ruwan sama. Unguwanni irin su Kololi da Kotu da Bakau suka cika da otel-otel, kuma a gindinsu dubban mutane suka samu abin yi: direbobin tasi, mata masu sayar da kayan marmari, masu matse lemo a bakin ruwa, masu ɗinki, masu sassaƙa, masu gidajen abinci. Duk waɗannan sun dogara ne ga abu ɗaya, wato Bature ya ji yunwa ko ƙishirwa ko kaɗaici ya fito waje.

To baƙon da ya riga ya biya komai a Landan, me zai fito da shi? Ya ƙoshi. Kuɗinsa kuma mafi yawa can suka tsaya, wurin kamfanin da ya sayar masa da tikiti da mai jirgin da ya ɗauko shi. Kukan ya yi yawa har gwamnatin Yahya Jammeh ta haramta wannan tsari a 1999. Manyan kamfanonin Turai suka nuna ba su yarda ba, ga shi kuwa su ke riƙe da jirage da baƙin, sai aka janye dokar a shekara ta 2000. Mai abu da abinsa. Ƙaramar ƙasa ta gwada ƙarfinta, ta ga iyakarsa.

Masu otel suna da tasu hujjar, cewa tsarin na cika ɗakuna, ma'aikata su samu albashi. Gaskiya ne, amma aikin na wata shida ne, kuma igiyarsa na hannun wasu. Bayan juyin mulkin 1994, gwamnatin Ingila ta gargaɗi mutanenta kada su je, otel suka zama kufai. A 2014 tsoron cutar Ebola ya kori baƙi, alhali ba a samu ko mutum ɗaya da ita a Gambiya ba. A watan Satumba na 2019 kamfanin Thomas Cook, wanda ke cikin manyan masu kai baƙi ƙasar, ya durƙushe ana dab da buɗe kaka. Kafin a farfaɗo sai ga korona a 2020.

Wannan magana ba ta yi mana nisa ba. Bahaushe ɗan koli mai jakar fata da takalma da duwatsun wuya da sassaƙa, an san shi a ƙofar otel da kasuwannin baƙi tun daga Akara har Kiribi ta Kamaru, kuma da wannan sana'a aka gina gidaje a zango, aka biya kuɗin makaranta. Duk inda baƙi suka daina fita, irinsa ne ke fara naɗe tabarma. Idan manyan otel na gaɓarmu suka ɗauki wannan salo gadan-gadan, 'yan kasuwarmu su sani cewa zama a bakin ƙofa ba zai wadatar ba, sai sun haɗa kai sun nemi rumfa a ciki ko ranar kasuwa a harabar otel.

Ga samarin da suka ƙudura tafiya kuwa, mai fasfo na Gana ba ya buƙatar biza zuwa Gambiya ko Senegal, albarkacin yarjejeniyar ECOWAS, amma a riƙe katin rigakafin shawara. Ku tambayi farashin ɗaki da karin kumallo kawai, ku gwada shi da na kuɗin goro, sau da yawa wanda ba ya shan giya zai ga na farkon ya fi masa. Abin da ya ragu ku ci benacin da domoda a gari, ku hau tasi zuwa kasuwar Serekunda, ku yi ciniki da dalasi. In kuma kun ga jar tuta a bakin ruwa, kada wanda ya shiga, ko da ya iya iyo, domin igiyar tekun nan ja take yi ta ƙasa.