Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya Na Ƙasa

 

A 1996 sanƙarau ya auka wa arewacin Najeriya, ya hallaka mutum kusan 12,000. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya sauka a Asibitin Zana na Kano, ya shigar da yara kimanin 200 gwajin sabon maganinsa, Trovan. Rabi aka ba su shi, rabi aka ba su ceftriaxone, yara 11 suka rasu. Iyaye da dama sun ce ba su san gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an nemi izininsu da baki, bai kuma amsa laifi ba. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a na asibiti da aka nuna an yi mata tsohon kwanan wata ne. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Raunin bai warke da kuɗi ba. Da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, sunan Trovan na cikin abin da jama'a suka riƙa kafa hujja da shi.

Mai wannan wasiƙa ba ya cikin masu cewa a daina bincike a kan yara. Jikin yaro daban yake sarrafa magani, likitan da ba shi da sakamakon bincike kuwa kintace kawai yake yi. Ga misali a gida: Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun auna gudun jini a ƙwaƙwalwar yara masu sikila, suka ware waɗanda shanyewar ɓarin jiki ke barazana gare su, suka ba su hydroxyurea. Aka ga ko ƙaramin awo na maganin yana kare su. Ga uwar da ba ta da halin kai ɗanta ƙarin jini duk wata, hanyar da aka saba kare irin waɗannan yara da ita, wannan ba ƙaramar rahama ba ce.

Dokokin ɗa'a na 2007 da Dokar Lafiya ta 2014 sun ba Kwamitin ƙarfi. Inda gizo ke saƙa shi ne bakin gadon asibiti. Uwa ta kwana biyu ba barci, ɗanta na suma, aka miƙo mata takarda shafi goma da Turanci, aka ce ta dangwala. Za ta dangwala, domin a ganinta in ta ƙi ba za a duba yaron ba.

Ya kamata Kwamitin ya wajabta a rubuta takardar izini da Hausa, boko da ajami, a karanta wa iyaye a bayyane gaban shaidar da ba ya cikin masu binciken, a naɗi muryarsu. A faɗa musu ƙarara cewa wanda ya ƙi ba zai rasa magani ba. Matashi ɗan shekara 14 ya isa a tambaye shi da kansa, ko da mahaifinsa ya yarda. Membobin Kwamitin su riƙa dira asibitoci ba sanarwa, su zauna da iyaye su ji abin da suka fahimta.

Sakamakon kuma kada ya tsaya a mujallun Turai. A sharɗanta wa kowane mai bincike ya koma unguwar da ya ɗebi yaran, ya tara iyaye a ƙofar mai unguwa, ya shiga rediyo ya faɗi abin da aka gano, kafin a sake ba shi izinin wani aikin.