Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Kafin Ka Canza Babbar Manhajar Kwamfutarka

Kwana biyu kun ji ni shiru, to aikin kwamfutar Baba ne ya riƙe ni, kuma a kansa nake son mu tattauna yau, domin na ga abin da ya tayar mini da hankali.

Kamar yadda wasu suka sani, ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kyauta, sai dai wani ƙarin wa'adin tsaro da ya ba waɗanda suka yi rajista zuwa Oktoban 2026. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da kunnuwa, amma ba mai toshe mata ɓarakar da ɓarayin intanet suke shigowa ta ciki. Ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗa: sai kwamfuta tana da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan ƙwaƙwalwarta ba tsohuwa ba ce sosai. Yawancin tokumbo ɗin da ke shagunanmu ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba. Saboda haka mutane suka shiga kai kwamfutocinsu wajen masu gyara, wannan a canza masa Windows, wancan a sa masa Linux, wani kuma ya sayi sabuwa.

Akwai wani abokin Baba da muke kira Kawu, shagonsa na kusa da namu. Shi ma ya ɗauki tasa ya kai wa wani mai gyara a Ikeja, ya ce a sabunta masa. Yaron ya tambaye shi ko akwai abu mai muhimmanci a ciki, Kawu ya ce ai komai yana intanet. Aka yi mata fomatin, aka sa sabuwar manhaja, ta dawo tana gudu kamar sabuwa. Da daddare Kawu ya nemi karatun malaminsa na ƙauye, wanda ya ɗauka da kaset shekaru da dama aka juye masa a kwamfuta, babu. Ya nemi muryar mahaifiyarsa tana yi masa addu'a, ita kuwa ta rasu, babu. Wallahi da na ga dattijon nan zaune a benci ya yi tagumi, sai na ji kamar ni aka yi wa. Ban kuma ɗora wa mai gyaran laifin duka ba, ai ya yi tambaya. Matsalar ita ce Kawu bai san abin da ke intanet da abin da ke cikin kwamfutarsa kaɗai ba.

To ga ra'ayina a taƙaice. Muna ɓata lokaci wajen gardamar wace manhaja ce ta fi, Windows ko Linux ko ta Apple, alhali ba ita ce abin damuwa ba. Babbar manhaja gidan haya ce. Mu da aka haifa a Legas mun san haya: yau kana ciki, gobe mai gida ya ba ka notis. An yi haka da Windows XP a 2014, an yi da Windows 7 a 2020, ga 10 ma ta bi sahu, kuma wadda za ka koma ita ma ranarta na zuwa. Abin da yake naka shi ne kayan da ke ɗakin, kuma a kwamfutar Bahaushe ɗan kasuwa kaya biyu ne suka fi saurin salwanta: sauti da imel. Hotuna da takardu kowa yana ganinsu a folda ya kwafe. Waɗannan biyun kuwa sukan ɓuya.

Bari in fara da imel, don shi ya fi ba ni wahala. Baba yana kawo riɗi da citta da zoborodo daga Dawanau yana sayar wa masu fitarwa waje ta Apapa. Tun wajen 2014 wani yaro ya buɗe masa adireshin imel na kasuwanci ya haɗa shi da manhajar Outlook. Duk takardun ciniki da rasit da shaidar biyan kuɗi ta nan suke shigowa. Da na duba sai na tarar an haɗa shi ne ta hanyar da ake kira POP. Abin lura a nan, hanya biyu ce manhaja take karɓo saƙonni. Ta POP, saƙon yakan sauko cikin kwamfutarka, kuma sau da yawa a share shi daga rumbun kamfanin bayan 'yan kwanaki. Ta IMAP kuwa, saƙon yana nan zaune a rumbun kamfanin, kai dai leƙawa kake yi, don haka ko ka canza kwamfuta goma za ka same shi. Na Baba POP ne. Ma'ana saƙonnin sama da shekara goma ba su ko'ina a duniya sai cikin fayil guda ɗaya mai suna PST a wannan tsohuwar kwamfuta. Da mun yi irin ta Kawu, shi ke nan.

Mun yanke shawarar komawa Linux Mint, saboda kyauta ce, tana tafiya da tsohuwar kwamfuta, kuma fuskarta ta yi kama da Windows ta yadda Baba ba zai ruɗe ba. Sai dai babu Outlook irin ta Windows a can, Thunderbird ce take zuwa da ita. Ita kuma Thunderbird tana iya janyo saƙonnin Outlook ne kawai idan duka biyun suna zaune a Windows ɗaya. Wannan shi ne abin da mutane ba sa sani sai sun riga sun goge. Don haka tun Windows tana nan na sa Thunderbird, na shiga wurin da aka rubuta Import, na janyo saƙonni da adiresoshin mutane. Na zauna na gwada adadin saƙonnin kowace folda da na Outlook har na ga sun yi daidai. Sannan na kwafe foldar Thunderbird gaba ɗaya, wadda take ɓoye a cikin AppData, na kai ta ma'adanar waje. A Linux wurinta wata ɓoyayyiyar folda ce mai suna .thunderbird. Shi ma fayil ɗin PST na ajiye kwafinsa, ko don gaba.

A nan ma na ci karo da wani tarko. Fayil ɗin ya kai gigabait 6, filashin da na sa kuwa ya ƙi karɓa duk da akwai fili. Ashe filashin yana kan tsarin FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4. Sai da na mayar da shi exFAT, wanda Windows da Linux da Mac duka suna karantawa. Kuma don Allah a kiyayi filashin bogi na bakin titi, wanda zai nuna maka 64 alhali cikinsa bai kai haka ba. Zai nuna ya kwafe, ranar da ka zo buɗewa ka tarar da shara. Bayan ka kwafe, kai shi wata kwamfutar daban ka buɗe ka gani da idonka.

Wani zai ce, ni Gmail nake amfani da shi ko Yahoo, me ya shafe ni? Gaskiya ne naka ya fi sauƙi, saƙonninka suna can wurinsu. Amma ina tambaya: ka san kalmar sirrinka? Dattawanmu da yawa a kafe aka buɗe musu, kwamfutar ce take tuna musu kalmar, ranar da aka goge ta ta tafi da ita. Idan ka ce ka manta, za su tura lamba zuwa layin wayar da aka sa tun farko, wataƙila layin ya ɓace tun tuni har an sayar wa wani. Saboda haka kafin a taɓa kwamfutar, shiga ka tabbatar da kalmar, ka sabunta lambar waya, ka rubuta a littafin da kake ajiye lissafi. Sannan kada mu ɗauka ajiyar kamfani ta har abada ce. Tun Disambar 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar cewa zai iya share asusun da ya shekara biyu ba a taɓa ba. Yahoo kuma ya rufe zaurukansa na Yahoo Groups a Disambar 2020, inda yayyenmu suka yi shekaru suna muhawara da Hausa a kan finafinai da rubuce-rubuce. Google yana da wata hanya mai suna Takeout da za ka sauko da duk saƙonninka a tsarin mbox, wanda Thunderbird take ganewa. Sau ɗaya a shekara ba zai gagare ka ba.

Sai maganar sauti. A kwamfutar Baba na ƙirga fayil sama da 2,000: tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da karatun Sheikh Nasiru Kabara, waƙoƙin Shata da Ɗankwairo da Ɗan Maraya Jos, har da Barmani Choge da Umma ta sa aka zuba mata. Waɗanda suke MP3 ba su ba ni matsala ba ko kaɗan, kowace manhaja tana buɗe su, Rhythmbox da ke cikin Mint ko VLC da kowa ya sani. Inda aka samu cikas shi ne wasu kusan 40 masu tsarin WMA. An juye su ne daga faifan CD da Windows Media Player a wata kwamfuta da Baba ya yi amfani da ita da can, kuma wanda ya juye ya bar zaɓin kulle su. Lasisin buɗewar yana waccan kwamfutar da aka sayar tuntuni. Ashe tun ƙaurar farko muka rasa su ba mu sani ba, sunayensu kawai muke gani muna jin daɗi. Wasu na samo fayafayansu a durowar Baba na sake juyewa a MP3, wasu kuwa sai haƙuri. Haka abin yake ga wanda ya sayi waƙa a shagon iTunes kafin 2009, lokacin da Apple ya daina kulle waƙoƙinsa, kuma a sani babu iTunes a Linux.

Abu na biyu, tsari. Baba yana buɗe manhajarsa ya ga tafsirin azumi a jere, rana ta ɗaya har ta ƙarshe. Amma da na leƙa foldar sai na ga Track 01, Track 01, Track 02, babu sunan malami babu sura. Jerin yana cikin manhajar ne, ba a jikin fayilolin ba, idan ta tafi ya tafi. Kwana huɗu na yi ina sauraron farkon kowanne, Baba yana gefe yana cewa wannan Baƙara ce, wannan Ali Imrana, ina sa musu suna da lamba, kowane malami da foldarsa, kowane mawaƙi da tasa. Aiki ne mai gajiyarwa, amma yanzu ko a waya ko a mota ko a wace kwamfuta aka sa su za su jeru daidai. Na kuma bi foldar da saƙonnin murya na WhatsApp suke taruwa, na ware na Kaka da na 'yan uwan da suka riga mu gidan gaskiya, na sa musu suna. Irin waɗannan ba a sayen su a kasuwa.

Na san abokaina za su ce wa yake ajiye waƙa yanzu, ga Audiomack ga Boomplay ga Spotify da ya shigo Najeriya tun 2021. Ni ma ina ji a can. Amma abin da ka sauke a cikinsu aro ne, yana kulle a manhajarsu, ba za ka ɗauke shi ka kai wani wuri ba, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ban da haka, je ka nemo mini karatun malamin ƙauyen Kawu a can. Yawancin abin da ya fi mana daraja babu kamfanin da ya ajiye mana shi. Mu da muke nesa da gida, yaranmu suna tashi da Yarbanci da Burokin a baki, waɗannan sautuka suna cikin abin da ke riƙe musu Hausa da karatun gida. Idan muka bari suka salwanta a teburin mai gyara, ba wanda zai dawo mana da su.

Kada a ce ina tallan Linux ne. Wanda yake da halin sayen kwamfutar da za ta ɗauki Windows 11, ko aikinsa yake buƙatar manhajar da sai a Windows take, ya yi zamansa. Ita Mint ma ana iya gwada ta daga filashi ba tare da an goge komai ba, haka na yi wa Baba har mako guda kafin ya amince. Abin da nake roƙo kawai shi ne, ko ina za ka koma, kwashe kayanka tukuna, ka ajiye kwafi biyu a wuri biyu, ka buɗe ka tabbatar, sannan ka ce a goge. Namu kwafi ɗaya yana shago, ɗayan na ba direbanmu ya kai wa Yaya a Kano.

Bayan mun gama da 'yan watanni, wani mai sayen citta ya zo yana cewa ya biya cikon kuɗin wata mota tun 2021. Baba bai yi musu da shi ba, ya ce in duba. Cikin minti biyu na fito da saƙon da mutumin ya turo da kansa yana neman a ƙara masa lokaci. Aka rabu lafiya, ya biya. Baba bai ce mini komai ba, amma da yamma ya aika aka kira Kawu ya ce in duba masa wayarsa in kwafe abin da ya rage.

Ku 'yan uwana matasa, wannan aikin namu ne. Iyayenmu ba za su san POP da IMAP ba, kuma ba laifinsu ba ne. Wannan makon ka zauna da Baba ko Kawu ko Umma ka tambaye su me ke cikin kwamfutarsu da wayarsu da ba za su so su rasa ba. Wanda ya maƙale a wani wuri ya leƙo shago bayan la'asar, in sha Allahu za mu duba tare.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da amanarmu, Ya ji ƙan magabatanmu, Ya ba mu kasuwa mai albarka. Wassalam.

Naku, ɗan Agege.