Wayarki a Hannunki: Yadda waya ke raɗa wa layi da memori suna

  

Yau da wuya ki sami ƙungiyar da waya ba ta shiga harkar kuɗinta ba. Da ita ake kiran wadda ba ta zo taro ba, da ita ake karɓar saƙon ƴan bida, kuma sakatarori da yawa suna ɗaukar hoton littafin bashi su ajiye a memori. To, tunda amana ta shiga cikin waya, ya kamata mu san yadda take gane abin da aka sa mata, da yadda take ba shi suna.

Cikin kowace waya akwai babbar manhaja mai tafiyar da komai. A wayoyin shafawa irin su Tecno, itel da Infinix sunanta Android, ta kamfanin Google. Ita kuma an gina ta kan wata mai suna Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya soma a 1991, shekarar da CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi. Ashe sa'o'in juna ne.

Aikin wannan manhaja kamar na sakatariya ne ranar zubi. Da kin kunna waya sai ta buɗe rajista ta kira suna: gilashi, kyamara, lasifika, batir. Waɗannan ƴan gida ne, tun daga masana'anta aka rubuta su. Layi da memori da igiyar USB kuwa baƙi ne, dole a tambaye su. Da kin sa memori, waya za ta ce masa: wane ne kai, nawa kake ɗauka? Sai ya faɗi lambarsa da girmansa. Layi ma haka, ya faɗi lambarsa da kamfaninsa, shi ya sa kike ganin Airtel ko Moov ko Zamani ya fito a saman gilashi. Daga nan manhajar ta nemo wa baƙon tafintan da ke jin harshensa, wanda masu gyara ke kira direba, sannan ta ba shi wurin zama da suna.

A nan ake rikicewa, domin suna iri biyu ne. Dubi gidan mata biyu: akwai uwargida, akwai amarya. Waɗannan sunayen matsayi ne, wadda ta riga shigowa ita ce uwargida. Amma kowace tana da sunan yankanta da aka raɗa mata ranar suna, wanda ba ya canzawa ko ta koma wani gida. "SIM 1" da "SIM 2" da kike gani sunayen matsayi ne. Duk layin da ya zauna a rami na farko shi ne SIM 1. In yaro ya cire layukan ya mayar da su a juye, layin ƙungiya da kika sani a matsayin SIM 1 ya zama SIM 2, kuma waya ba ta yi kuskure ba, ta kira kowa da kujerar da ya zauna. Ke kuwa hannunki ya saba da danna na ɗaya. Ta haka kuɗin gida ke fita a madadin na asusu, ko na asusu a madadin na gida, a zo ranar lissafi ana kallon-kallo.

Kwamfuta ma haka take yi. In kin kai memori wurin mai buga takardu, Windows za ta ba shi harafi, E ko F ko G, gwargwadon wanda ba kowa a kansa a lokacin. Memorinki da ya zama E yau, gobe na wata ne E. Saboda haka kada ki bar memorin ƙungiya ki tafi cefane, ki tsaya a buɗe shi a gabanki ki ga hotunanku ne.

Sunan yanka kuwa lamba ce. Wayar kanta tana da IMEI, lamba 15. Ki danna *#06# za ta fito, waya mai layi biyu ta nuna guda biyu. Tana kuma rubuce a kwalin wayar, ko ƙarƙashin batir in mai cirewa ne. Ko an sauya layi sau goma, wannan lambar tana nan. Layi ma yana da doguwar lamba a jikinsa ko a katin da aka ɓalle shi, lamba 19 ko 20, mai farawa da 89, daban take da lambar da ake kiranki da ita.

Sai maganar da ta fi tsada. Wani lokaci waya na jin an sa memori amma ta kasa karanta abin da ke ciki, ko don ƙurar hunturu ta rufe ƴan ƙarafan jikinsa, ko don an fizge shi waya na tsakiyar rubutu. Sai ta yi masa kallon baƙo, ta rubuto "Formater". Ma'anar wannan kalmar a share ɗaki tas a sake jere. In kika yarda, hotunan littafin bashi sun tafi. Ki ce a'a. Ki kashe wayar, ki cire memorin, ki goge shi da busasshen ƙyalle mai laushi, ki mayar. In ya ƙi, a gwada shi a wata wayar kafin a yanke hukunci.

Ku sani kuma waya mai yarda ce, abin da baƙo ya faɗa shi take rubutawa. Akwai memorin jabu da ke cewa yana ɗaukar giga 64 alhali cikinsa bai kai ko kusa ba. Waya za ta nuna 64 ɗin, sai ya cika sannan hotuna su riƙa lalacewa. In kin ga babban memori da arhar da ta wuce hankali, ki tuna arha ba ta ado.

Igiya ma tana da nata. Cikakkiyar igiyar USB ta yau da kullum tana da siraran wayoyi huɗu a ciki, biyu na wuta, biyu na magana. Wasu masu arha na wuta kaɗai gare su. Za su yi caji, amma kwamfuta ba za ta ga wayar ba sam. Kafin a ce miki wayarki ta lalace a karɓi jikka biyu na gyara, a sauya igiya tukuna.

Ga abin da nake roƙon kowace ƙungiya ta yi a taro mai zuwa, ba zai ci minti goma ba:

1. A rubuta IMEI na wayar da ke riƙe da layin ƙungiya a bangon littafi, tare da doguwar lambar layin. In waya ta ɓata, da su za a je wurin jandarmomi ko komisariya.
2. A wayoyi da yawa ana iya sauya sunan layi a cikin "Paramètres". A sa wa na ƙungiya "Asusu", ɗayan "Gida".
3. Kafin a tura kuɗi, mace biyu su dubi gilashi su faɗi sunan layin da baki.
4. Kada yara su riƙa cire layi ko memorin ƙungiya don sa waƙa ko fim.
5. Littafin takarda ya ci gaba da zama cikin akwati. Hoton memori mataimaki ne kawai.

Wadda ba ta karatu kada ta ji kunya, ta sa ɗiyarta ko sakatariya ta karanto mata lambobin, ita kuma ta riƙe launi ko alamar layin da ido. Wadda ke da tambaya kan waya ta ba shugabar ƙungiyarta, za ta iso mu, mu amsa a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Allah ya tsare mana amana, ya bar zumunci.