Fentin Jirgin Kwaikwayo Ba Kwalliya Ba Ce Kawai

Duk wanda ya tashi a Zuru ko Dabai ko Ribah ya san motar kara da motar langa-langa, ya kuma san yaron da ya fi kowa iya ƙera su a unguwa. A cikin irin waɗannan yara akan sami wanda hankalinsa ya tafi sama, ba ya ƙera komai sai jirgi. A Turai da Japan wannan sha'awa ta zama babbar sana'a, domin kamfanoni irin su Airfix na Ingila da Tamiya na Japan suna sayar da jiragen kwaikwayo na roba a cikin kwali, gunduwa-gunduwa, mai saye ya harhaɗa da gam, ya shafa fenti, sa'an nan ya manna tambura. Ra'ayina shi ne, wannan mataki na ƙarshe, wato fenti da tambari, wanda malamai da yawa ke ɗauka kwalliya ce ta marasa aikin yi, ya fi sauran matakan ɗauke da ilmi, kuma ya cancanci gurbi a ƙungiyoyin kimiyya na makarantunmu na sakandare.

Bari mu fara da launi. In ka dubi hotunan jiragen yaƙi na Yaƙin Duniya na Biyu, za ka ga yawancinsu bayansu da duhu, kore ko ƙasa-ƙasa, cikinsu kuwa fari-fari ko shuɗi mai haske. Yanzu je ka kasuwar Zuru ka juya tarwaɗa ko karfasa a faifan mai kifi: baya baƙi, ciki fari. Haka barewa take, haka kadojin Girmache suke. Wannan shi ne duhun baya da farin ciki (ba farin cikin murna nake nufi ba). Dalilinsa kuwa, hasken rana daga sama yake zuwa, yana haskaka bayan dabba ya bar cikinta a inuwa, kuma da wannan bambanci ne idon maharbi ke gane cewa abu mai jiki ne a gabansa. In baya ya yi duhu, ciki ya yi haske, sai launi ya soke aikin inuwa, dabbar ta zama kamar shafaffiya a jikin daji. Wani mai zane Ba'amurke, Abbott Thayer, ya bayyana wannan a 1896. Daga baya Hugh Cott, masanin dabbobi ɗan Ingila, ya wallafa babban littafinsa a kan launin dabbobi a 1940, kuma a shekarar ya fente wata ƙatuwar igwa bisa wannan ƙa'ida, aka ɗauki hotonta daga sama, da ƙyar ake iya ganinta. A jirgi amfanin ya zama biyu: mai duba daga sama ya gan shi ya saje da ƙasa, mai duba daga ƙasa ya gan shi ya saje da sararin sama.

Ɗalibin da ya zauna da buroshi yana tunanin inda duhun baya zai tsaya, farin ciki ya fara, ba zai ƙara manta wannan darasi ba. Wanda aka yi wa shifta a allo kuwa, da an fito daga jarrabawa ya zubar da shi a bakin ƙofa.

Rodi-rodin da ake yi wa jiragen soja, irin na Super Tucano goma sha biyu da Nijeriya ta karɓa a 2021 aka girke su a Kainji, shi ma daga dabbobi aka koyo shi. Aikinsa ya kakkarya siffar jiki, kamar zanen damisa, har ido ya kasa gane inda fiffike ya ƙare.

To, in ana son jirgi ya ɓuya, don me kuma ake liƙa masa tambari mai ɗaukar ido? Nan ne darasin ya fi daɗi. Faransawa ne suka fara sa wa jiragensu da'irar launin tutarsu a 1912. Ingilishi da fari tutarsu suka zana, sai sojojinsu na ƙasa suka riƙa ɗaukar ta gicciyen Jamus ne suna buɗe wa nasu wuta, dole suka koma da'ira a ƙarshen 1914. A 1942 Amurka ta cire jan ɗigon da ke tsakiyar tauraronta don kada a rikita shi da jar da'irar Japan. Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1964, da'irarta kore da fari da kore ce. Ashe jirgi yana cikin irin halin da jan gwada ke ciki ne: yana bukatar 'yan'uwansa su gane shi, shi ya sa kansa ja, amma jan kan nan shi ke nuna shi ga shaho. Macen ƙadangare, wadda ba ta da yankin da take tsarewa, launin ƙasa ta ɗauka. Farar tumfafiya kuwa ba ta ɓuya ko kaɗan, domin launinta gargaɗi ne ga mai son ci.

Shi tambarin jirgin kwaikwayo ba irin sitikar da ake liƙa wa babur ba ne. Fata ce siririya ƙwarai da aka buga a kan takarda mai gam, gam ɗin kuma daga sitaci ake yin sa, yana narkewa a ruwa. Za a yanko tambarin, a tsoma a ruwa mai ɗumi-ɗumi kamar daƙiƙa 20 zuwa 30, a ajiye shi ya saki, sa'an nan a zamar da shi daga takardar zuwa jikin jirgi da jiƙaƙƙen buroshi, a danne da auduga daga tsakiya zuwa gefe. In ya daɗe a ruwa gam ɗin ya wanke, in an yi garaje ya yage. Babbar matsala ita ce wani fari-fari kamar azurfa da ke fitowa a ƙarƙashinsa bayan ya bushe. Fenti marar sheƙi, in ka sa gilashin ƙara girma, za ka tarar fuskarsa tudu da kwari ce. Da haka yake warwatsa haske. Tambari ya kwanta a kan tudun, iska ta maƙale a kwarin, ita ce ke walƙiya. Maganinsa a fara shafa man sheƙi domin ya cike kwarin, a manna tambari, bayan ya bushe a rufe da mai marar sheƙi.

Wannan ita ce ainihin matsalar da muke fama da ita a ɗakin gwaje-gwaje kowace shekara. Ɗalibi ya zo jami'a da sakamako mai kyau a Ilmin Halittu, a ba shi fatar albasa da ɗigon ruwa da ɗan siririn gilashin rufi, ya sake shi tim, kumfar iska ta cika wurin, ya leƙa madubi ya zana mana kumfar a matsayin ƙwayar halitta. Ba laifin ƙwaƙwalwarsa ba ne, hannunsa ne bai taɓa yin aiki mai laushi ba. Yaron da ya manna tambari goma ya riga ya san yadda ake kwantar da abu daga gefe ɗaya a kori iska.

Yanayin Zuru ma yana da nasa darasin. Da hunturu ƙura kan zauna a ɗanyen fenti, fentin ruwa kuma ya bushe a bakin buroshi kafin ya kai jikin jirgi, saboda haka sai a yi aiki da safe, a kife roba a kan jirgin. Da damina laima kan sa man rufi ya yi hazo. Kowane lokaci dai a buɗe taga, domin tururin gam da na tina suna da illa ga huhu.

Na san za a ce kwalin nan daga waje ake kawo shi, da tsada, makarantar da ba ta da isassun kujeru ina ta ga kuɗin jirgi? Gaskiya ne, amma kwali ɗaya ya isa a nuna wa aji, sauran a yi su da kara da kwali da gwangwani, tambari a zana a siririyar takarda a manna da ƙaro. A 1942 gwamnatin Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa jiragen kwaikwayo 500,000 na katako domin koya wa sojoji gane jirage, duk bisa ma'aunin 1:72. Sharaɗin shi ne ma'auni, ba roba ba. Super Tucano faɗin fikafikansa ya ɗan haura mita 11. A raba da 72, a sami kusan santimita 15 da rabi, da'irar tutar ma a rage ta daidai da haka. Malamin lissafi ya samu nasa rabon ke nan.

Wasu kuma za su ce ƙasar Zuru, duk da sunan da ta yi wajen aikin soja, ta sha wuyar 'yan bindiga a shekarun nan, bai dace a ƙara sa wa yara kayan yaƙi a hannu ba. Wannan magana tana da nauyi, ba na kuwa raina ta. Sai dai ba dole ne jirgin ya zama na yaƙi ba. Ana iya yin na Nigeria Airways, wanda ya daina aiki a 2003, da giwarsa mai fikafikai, ko ƙananan jiragen koyo na Kwalejin Jiragen Sama ta Zariya. Ko Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna domin koyar da matuƙa, shi kansa daga gunduwa-gunduwa aka tayar da shi.

Abin da nake roƙon shugabannin makarantu bai fi gwangwanin fenti huɗu ko biyar ba, da buroshi ƙanana, da gilashin ƙara girma ɗaya, da awa ɗaya a mako ga ƙungiyar JETS. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 tana da malaman da za su iya alƙalanci in an shirya gasa tsakanin makarantu, ko a gefen baje kolin Uhola. Alƙali kuma kada ya tsaya ga kyan jirgi; ya ɗaga shi ya dubi cikinsa, ya tambayi mai shi dalilin launin da ya shafa a wurin.