Masu Agaji da Rumbun Ƙasashen Sahel

Tun bayan babban farin da ya auka wa ƙasashen Sahel a farkon shekarun 1970, wanda ya hallaka dukiyar makiyaya ya kuma watsa talakawa cikin birane suna neman abin sawa a baka, shugabannin ƙasashe shida, wato Nijar da Mali da Cadi da Sanagal da Muritaniya da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, suka yi ittifaƙi a Wagadugu cikin shekarar 1973 suka kafa hukumar CILSS, domin sun fahimci cewa musibar da ba ta san iyaka ba, ba a yi mata tadbiri ƙasa-ƙasa. Shekara guda bayan haka aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai don lura da ruwan sama da amfanin gona, a 1976 kuma ƙasashe masu ba da agaji suka kafa nasu zauren shawara da ƙasashen yankin. Ke nan nizami ba shi ne ya yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu agajin su yarda su bi shi, alhali kowannensu na da tutarsa da ƙa'idojinsa da lokacin da majalisar ƙasarsu ke sakin kuɗi, wanda galibi bai dace da lokacin da cikin manomi ke kuka ba.

Hujjata a kan wannan ita ce abin da ya faru a Nijar cikin 2005. Damina ta yanke da wuri a 2004, fara kuma ta yi ɓarna, masu lura suka yi gargaɗi tun da kaka. Amma sai aka shafe watanni ana muhawara tsakanin hukuma da masu agaji a kan ko za a raba hatsi kyauta ko a sayar da rangwame don kada a ɓata kasuwa, wasu maƙwabta kuma suka hana fitar da nasu hatsin, har farashin gero ya ninka. Hatsi na nan jibge a kasuwa, mai siyansa ne babu. A ƙauyukan Maraɗi da Damagaram mata suka koma ga anza, suna jiƙa ta kwana da kwanaki suna sauya ruwa don ɗacin ya fita, maigida kuwa ya sayar da tunkiyar da ya ajiye don ranar fita kunya a kan kuɗin da bai kai na 'yan tiyoyi ba. Kiran da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a watan Mayu bai sami amsa ta kirki ba sai da hotunan yara suka bayyana a talbijin cikin Yuli. Abin da ya fi ciwo, a watan Maris na wannan shekarar ce manyan masu agaji suka rattaba hannu a birnin Faris kan alkawarin daidaita ayyukansu da bin tsarin ƙasashen da suke taimaka wa.

Malamanmu sun karantar da mu cewa ciyar da mayunwaci farali ne na kifaya, kuma ƙissar Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta isa dalili cewa tanadin shekarun yalwa shi ke ɗaukar shekarun tsanani. Wannan ce hikimar da ƙungiyar ECOWAS ta bi a 2013 da ta zartar da kafa rumbun hatsi na yanki, wanda Tarayyar Turai ta tallafa wa, a bisa tsarin cewa rumbun gari ne farkon madogara, sa'an nan na ƙasa, sa'an nan na yanki, kafin a miƙa hannu ga na waje. Sai ga shi Nijar da Mali da Burkina Faso, waɗanda suka fi kowa bukatar rumbun, sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, kuma duk wanda ya ga yadda rufe iyakar Nijar a 2023 ya tsayar da motocin hatsi tsakanin kasuwar Dawanau da Maraɗi ya san wanda ke biyan diyyar saɓanin shugabanni.

Ra'ayina, kuma ina faɗarsa da dukan zuciyata, shi ne a cire mas'alar hatsi daga cikin husumar siyasa, a mai da ita hannun CILSS, tun da har yanzu ƙasashen da suka fice da wasu ƙasashen ECOWAS na zama a inuwarta. Masu agaji su amince da ƙididdiga guda, wadda ake yi da ma'aunin bai-ɗaya na yankin, maimakon kowa ya aiko da nasa masu bincike su yi wa mai gari ɗaya tambaya iri ɗaya. Su zuba kuɗinsu a baitulmali guda tun kafin kaka, a sayi gero da dawa daga hannun manomanmu lokacin da suke karyar da shi don biyan bashi, a kimsa a rumbunan da ke kusa da inda fari ya saba sauka, a kuma rubuta alkawari cewa ko an rufe iyaka saboda wani dalili, motar hatsi za ta wuce.