Ciwon Ɓarin Kai, Allurar Mutanen Sin da Lissafin Aljihu

 

Kwanakin baya wata gwaggonmu a nan Godomey ta aiko a kira mu bayan La'asar. Muka tarar da ita kwance, an rufe taga, ta ɗaure kai da kallabi tamau, an kori yara waje domin ko motsin cokali ba ta so. Baiwar Allah nan ta yi shekaru tana sayar da atamfa a Dantokpa, kuma ciwon ɓarin kai ya daɗe yana raba ta da rumfa, wata rana yini guda, wata rana har kwana biyu. Ta miƙo mana wata takardar talla da Faransanci, ta ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, duba mini wannan." Takardar ta wani ɗakin magani ce da ke tsittsira wa mutane allura irin ta mutanen Sin, abin da Faransawa ke kira acupuncture. An yi alkawari biyu a ciki: ciwo zai tafi, kuma za a huta da kai kuɗi farmasi. Alkawarin na biyu shi ya fi ɗaukar hankalinta, shi ne kuma ya sa muka zauna bincike.

Da farko a san cewa allurar nan babu ruwan magani a cikinta. Siririya ce ƙwarai, ana kafa ta a wasu gurabe na kai da wuya da hannu da ƙafa, a bar ta kamar rabin sa'a, sannan a zare. Ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun 1978 ƙasar Sin take aiko da ayarin likitoci zuwa Benin, daga lardin Ningxia, wanda yanki ne na Musulmi 'yan ƙabilar Hui, kuma sun yi aiki a asibitocin Lokossa da Natitingou. Mu ma da ke da wanzamai ba za mu yi mamakin a nemi sauƙin ciwon kai ta hanyar fata ba. Duk wanda ya yi zaman karatu a zaure ya ji ruwayar Ibn Abbas da ke cikin Bukhari, cewa an yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho a kai saboda shaƙiƙa, wato wannan ciwo na ɓarin kai. Sai dai ƙaho daban, allura daban, kada mai talla ya ari darajar wancan ya yafa wa wannan.

Shin tana aiki? Amsar da ta fi nauyi ita ce ta ƙungiyar Cochrane, wadda a 2016 ta tattara gwaje-gwaje 22 da aka yi a kan mutum 4,985. Cikin waɗanda aka yi wa allura, kashi 41 cikin 100 sun ga yawan tashin ciwon ya ragu da rabi ko fiye, alhali cikin waɗanda ba a yi wa ba kashi 17 ne kawai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san azabar. Amma da aka gwada allurar gaske da ta wasa, wato wadda ake kafawa sama-sama a inda ba gurbi ba, sai tazarar ta tsuke, ta koma 50 da 41. A wani gwaji na Jamus da aka buga a 2005, mai mutum 302, babu ma bambanci tsakanin biyun. Ma'ana, wani kaso babba na sauƙin yana zuwa ne daga kwanciyar da mara lafiya ke yi, da kulawar da yake samu, da tsammanin waraka. Ba mu raina wannan ba, sauƙi sauƙi ne. Abin da muke ƙi shi ne a sayar da shi da sunan warkewa har abada, domin babu binciken da ya nuna haka.

Yanzu ga maganar kuɗi. A 2004 mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ingila da Wales a kan mutum 401 masu ciwon kai mai naci, akasarinsu na ɓarin kai. An yi wa rabinsu allura har zama 12 cikin wata uku, aka bi su shekara guda. Waɗanda aka yi wa sun samu ragin kwana 22 na ciwo a shekara, sun rage shan magani da kashi 15, sun rage zuwa wurin likita da kashi 25, sun rage fashin aiki da kashi 15. Masu talla nan suke tsayawa. Ba su faɗin abin da masu lissafin suka buga a wannan mujalla ɗin dai: kowane mutum da aka yi wa allura ya ci fam 403 a shekarar, wanda ba a yi wa ba ya ci fam 217. Abin da aka rage a magani da ganin likita bai ko kusa biyan ladan mai allura ba. A canjin wancan lokaci, tazarar ta kai wajen jaka 180 na sefa.

Duk da haka masu binciken sun ce kuɗin bai tafi a banza ba, don lafiyar da aka samu ta cancanci abin da aka kashe, a ma'aunin hukumar lafiya ta Ingila. A lura da kyau: cewa abu ya cancanci kuɗinsa daban, cewa yana rage kashe kuɗi daban. Kuma can gwamnati ce ke biya. Ko a haka, shawarar da hukumar NICE ta bayar a 2012 ita ce a gwada allura har zama 10 cikin mako biyar zuwa takwas idan magungunan rigakafi irin propranolol da topiramate sun gaza ko ba su dace da mutum ba. Jamusawa kuwa, bayan manyan gwaje-gwajensu, sun yanke a 2006 cewa inshorar lafiya za ta biya allura ga ciwon baya da ciwon gwiwa masu naci, suka bar ciwon kai a waje.

To, mu nan wa ke biya? Mafi yawan gidajenmu, daga Zongon Kwatano har Godomey, aljihun maigida ne ko adashin uwargida. A 2023 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi a Benin zuwa sefa 52,000, kuma da yawa cikinmu ba ma albashi muke ci ba. A ɗauka, misali, zama ɗaya jaka biyar ne. Zama goma ya tashi jaka hamsin, ban da kuɗin zemijan zuwa da dawowa, ban da cinikin da ya wuce yayin da rumfa take rufe. Ga 'yar kasuwar da ciwo ke kwantarwa kwana shida ko bakwai a wata, mai yiwuwa lissafin ya fita, domin kowane yini da ta ceto kuɗi ne. Ga wanda ciwon ke ziyarta sau ɗaya a wata, da wuya.

Akwai kuma wata ɓaraka da kuɗi ke zurara ta cikinta, wadda ta fi damun mu. Da muka tambayi gwaggo abin da take sha, sai ta jawo wata leda daga ƙarƙashin matashi: parasitamol, wasu jajayen ƙwayoyi marasa kwali, da tramadol da wata maƙwabciya ta ba ta. Kusan kullum sai ta haɗiyi wani abu, wai don kada ciwon ya zo. Likitocin jijiya sun daɗe da sanin cewa wanda ke shan maganin ciwo na yau da kullum kwana 15 ko fiye a wata, ko irin su tramadol kwana 10, har tsawon wata uku, maganin da kansa yana iya zama mai haddasa ciwon kai. Mutum ya riƙa sayen cutarsa da kuɗinsa ke nan. Balle kuma ingancin ƙwayar. A nan Kwatano ne tsohon shugaban Faransa Jacques Chirac ya yi kiransa na yaƙi da jabun magunguna a watan Oktoba na 2009, kuma kowa ya tuna samamen da aka kai kasuwar magani ta Adjégounlè a Fabrairun 2017. An rushe rumfuna, amma ledar da ke ƙarƙashin matashi ba a kai mata samame ba.

Abin da muka ce wa gwaggo shi ne ta dakata da batun allura tukuna. Jikarta da ke makarantar sakandare ta samo littafin rubutu, tana sa alama a duk ranar da ciwo ya tashi, da abin da aka sha, da abin da aka kashe. Bayan wata biyu za a kai littafin wurin likita, a gwada hawan jini, a tambaye shi ko maganin rigakafi irin propranolol ko amitriptyline, waɗanda ba su da tsada, zai dace da ita. Shi zai zaɓa, ba mai tire ba, domin propranolol haɗari ne ga mai asma, topiramate kuma yana cutar da ɗan tayi. Idan waɗannan suka gaza, ko jikinta ya ƙi su, sai a nemi mai allura wanda ke da takardar izini daga Ma'aikatar Lafiya, a ga ya ɓare sabuwar allura a gaban ido saboda ciwon hanta da ƙanjamau, a kuma yi yarjejeniya tun farko a kan adadin zama, littafin nan shi ne alƙali.

Wannan duka ga ciwon da mutum ya saba da shi ne. Ciwon kai da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko da karkacewar baki da mutuwar hannu, ko ya kama mai ciki tare da kumburin ƙafa, wannan ba a jira littafi ba, asibiti ake nufa a daren, ko CNHU ko wanda ya fi kusa.

Jiya muka leƙa gidan. Mako uku ke nan da fara rubutu, shafin ya nuna kwana biyar na ciwo da kwana goma sha shida na shan ƙwaya. Gwaggo ta ce yarinyar ce ta yi kuskuren ƙirga, yarinyar kuma ta kawo fankon kwalayen ta zube su a kan tabarma.