Filin Da Aka Kafa Wa Duwatsu Aka Tafi

Ya 'yan'uwa matasa, duk wanda ya fita bayan garin Daura, ko ta hanyar Kano, ko ta Katsina, ko ta Kongolam, idonsa ya gane masa: gonakin da a da ake noma gero da gyaɗa yau an yanka su fuloti-fuloti, an kafa duwatsu a kusurwa huɗu, an tafi. Ba gini, ba shuka, sai tumfafiya. Masu su suna Kano da Abuja, suna jiran kuɗi ya hau.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Daga 2015 zuwa 2023 ɗan garin nan, marigayi Muhammadu Buhari, yana kan kujerar shugabancin ƙasa. A 2019 aka samar da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, aka buɗe asibitin sojojin sama, aka kuma aza harsashin jami'ar sufuri. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya ratsa ta Daura. Duk inda aka ji ƙamshin aikin gwamnati, dillalai ne ke riga kowa isa. Ga kuma faɗuwar naira tun 2023, wadda ta sa mai 'yan kuɗi ya gwammace ya binne su a ƙasa da ya ajiye a banki. Wannan kam ba mu ga laifinsa ba, kuma babu malamin da ya haramta cinikin fili.

To amma wa ya sayar? Manomi ne daga ƙauyukan Sandamu ko Mai'aduwa ko Zango, wanda aka nuna wa kuɗin da bai taɓa riƙewa ba. Ya yi aure, ya sayi babur, shekara biyu kuɗi sun ƙare, ya koma ƙwadago a gonar wani. Sau da yawa ma gonar gado ce da ba a raba ba, babban wa ya sa hannu shi kaɗai, 'yan'uwa mata da marayu sai dai su ji a bakin mutane. Wannan cin haram ne ƙarara, ko da mai unguwa goma ne suka shaida. Haka mai sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu, da dillalan da ke haɗa baki suna taya fili da tsada alhali ba saye za su yi ba, don kawai su ruɗi baƙo. Wannan shi ne najashi, kuma Manzon Allah (S) ya hana shi.

Game da barin ƙasa a kwance, magabata ba su yi wasa ba. An ba Bilal ɗan Haris al-Muzani yankin Aƙiƙ kusa da Madina, da Sayyidina Umar ya ga ya kasa raya shi duka, sai ya karɓe abin da ya fi ƙarfinsa ya raba wa Musulmi. Gaskiya ne wancan kyauta ce daga hukuma, wannan kuwa saye ne da kuɗi, hukuncinsu ba ɗaya ba. Amma ya ishe mu gane yadda suka ɗauki ƙasa: abin rayawa ce. Yau ga saurayi ya kai aure, yana da sana'a, amma fegin da zai yi ɗaki biyu ya gagare shi a garin ubansa, saboda wani yana riƙe da hamsin bai ma san inda suke ba.

Kai kuma da ka tara 'yan kuɗinka kana son shiga, ka san abin da kake saye. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. Abin da ke hannunka izinin zama ne, kuma sauya shi zuwa wani hannu yana buƙatar yardar hukuma. Idan gwamnati ta karɓi wuri don aikin jama'a, diyyar tana kan abin da aka gina ko aka shuka. Mai filin awon igiya da takardar dillali kaɗai, ba gini ba bishiya, shi ne ke tashi kusan hannu rabbana. Ka tambayi duk magada, ka je ofishin filaye ka tabbatar ba hanya ko makaranta aka zana a wurin ba, a rubuta ciniki gaban shaidu.

Sannan akwai zakka, wadda da yawa ke yi kamar sun manta. Filin da aka saya da niyyar sayarwa hajar kasuwanci ce. A mazhabar Malikiyya, mai ajiyewa yana jiran kasuwa zai fitar da zakkar shekara ɗaya ranar da ya sayar, idan kuɗin sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Mai saye da sayarwa kullum kuwa, kowace shekara zai ƙiyasta filayensa ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Dillali ba zai tuna maka wannan ba, shi la'adarsa ya sani.